Rahoton kwamitin yawon buɗe ido: inda muka je bana a Masar

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, yayyenmu masu karatun gaba da digiri, da sauran 'yan uwa maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen shekarar karatu. Ni aka ɗora wa rubuta rahoton kwamitinmu, to ga shi nan, a yi haƙuri in ya yi tsawo. Lissafin kuɗi ba ya ciki, yana hannun ma'aji, mai son gani ya neme shi.

Tun zaman farko mun ce ba zai yiwu ɗalibi ya yi shekara huɗu a Alƙahira ba abin da ya sani sai hanyar ɗaki zuwa aji da layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Fita huɗu muka tsara, uku muka yi, ɗaya ta sha ruwa.

Ta farko ta cikin gari ce, domin sababbin zuwa. Daga masallacin Azhar muka fara, wanda Faɗimiyyawa suka sa harsashinsa a 970. A tsakar masallacin wani yayanmu ya tsayar da mu ya ce kar mu ɗauka mu ne farau, tun da can akwai riwaƙi, wato masauki, na ɗaliban Barno a nan, kuma a 1324 Mansa Musa ya yada zango a garin nan a hanyarsa ta hajji ya yi ta rabon zinare har darajarsa ta faɗi a kasuwa. Daga nan muka wuce masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879, mai hasumiyar nan da matakalarta ta nannaɗe ta ta waje. Mun ƙare a kasuwar Khan Khalili, inda wasu suka biya farashin farko da aka faɗa musu ba ko tayi, Allah dai ya mayar da alheri.

Ta biyu Giza ce. Babbar dalar Khufu ta haura shekara 4,500, da farko tsayinta ya kai mita 146, yanzu ta ɗan ragu saboda duwatsun samanta da suka tafi. Wanda ya zo da katin ɗalibi ya shiga a rabin kuɗi, wanda ya baro nasa a ɗaki ya biya cikakke yana ta ƙunƙuni. Mun gargaɗi kowa a mota cewa a gama magana da mai raƙumi kafin a hau, amma sai da wani ya hau a kan cewa kyauta ne, da ya zo sauka aka ce ai saukar ce ke da kuɗi. Da la'asar mun shiga gidan tarihin nan na Fusɗaɗ inda aka kai gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a 2021. Roƙona a nan, masu rubutawa a Facebook cewa sun ga gawar Fir'aunan Annabi Musa don sun ga Ramsis na biyu, a ɗan sassauta, masana tarihi kansu ba su haɗu a kan wane ne shi ba.

Sai babbar, wato hawan Jabal Musa a Sina'i, lokacin hutun tsakiyar shekara. A nan ne kwamiti ya yi kuskure kuma mun amsa laifinmu. Mun rubuta a guruf cewa a zo da rigar sanyi, shi ke nan, ba mu yi bayanin wane irin sanyi ba. Dutsen nan tsayinsa mita 2,285 ne, a hunturu har ƙanƙara kan sauka a kansa, amma ga mutum ya zo da 'yar suwaita da silifas kamar zai je sayen burodi.

Tafiyar ma kanta doguwa ce, mun bi ta hanyar ƙarƙashin mashigin Suwez, ga shingen jami'an tsaro nan da can, a wani shingen aka tsayar da mu fiye da awa guda saboda ɗaya daga cikinmu iƙamarsa ta ƙare bai faɗa wa kowa ba, kowa ya yi tsuru-tsuru a mota har aka sake mu. Tsakar dare muka fara hawa, da ɗan jagora Badawi a gaba don ba a hawa sai da shi, kowa da tocilar waya. Farkon hanya ba laifi, ta raƙuma ce, tana ta lanƙwasa, ana ta raha. Da aka yi nisa sai hira ta mutu, ba ka jin komai sai haki da ƙarar tsakuwa. Can kusa da sama kuma raƙumi ba ya wucewa, sai matakalar dutse wajen 750, ba ɗaya da ta yi daidai da 'yar uwarta. A rumfar ƙarshe muka yi hayar barguna masu warin raƙumi, wallahi ba wanda ya yatsina fuska, mai silifas ɗin nan kuwa safa biyu aka haɗa masa ya naɗe ƙafa da rawanin wani. Ruwan alwalar asuba kamar ana yanka hannu da reza.

A saman akwai ƙaramin masallaci da ƙaramin coci gefe da gefe. Da rana ta fara ɓullowa duwatsun nan suka rikiɗe daga baƙi zuwa ja, layi-layi iya ganinka, har wanda ya yi ta rantsuwa a hanya cewa ba zai sake bin kwamiti ko'ina ba shi ne ya fi kowa ɗaukar hoto. A rubuta a ajiye kuma, 'yan uwa mata ne suka riga mu isa. Da muka sauko mun tsaya a gidan ibadar Kiristoci na Santa Katrin da ke gindin dutsen, an gina shi a ƙarni na 6 zamanin Sarki Jastiniyan, kuma a cikin ganuwarsa akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyyawa, da yawa cikinmu ranar suka fara jin haka.

Wadda ba mu yi ba ita ce ta Fayyum, zuwa Wadil Hitan, kwarin nan na cikin hamada mai ƙasusuwan manyan dabbobin tekun da Larabawa ke ce wa hitan, na kusan shekara miliyan 40, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2005. Sai da motar rairayi ake shiga, mai motar da muka yi magana da shi ya ƙara kuɗi ana saura kwana biyu, ga jarrabawa ta matso, muka haƙura. Ita za a fara da ita baɗi in Allah ya kai mu.

Abin da muka bar wa kwamiti mai zuwa, ba mai shiga mota sai an ga fasfo da iƙamarsa da ido, kuma tafiyar dutse sai da takalmi sau-ciki. Wanda ya ari tocilar ƙungiya tun Sina'i, don Allah Malam a dawo da ita kafin ranar miƙa mulki.