Ba kowace doguwar gora ce "ƙatuwar gora" ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in ɗan yi magana kan gora, saboda yadda nake ganin mutane na ɗora hoton duk wata mai tsayi a intanet su ce ita ce mafi girma a duniya, masu sayar da dashe kuma suna cin kasuwarsu da wannan ruɗanin. Gora fa ciyawa ce a asali, kuma irinta sun haura 1,400, to ta yaya tsayi kaɗai zai gaya maka wacce ce a gabanka? Iri ɗaya ma in ta samu ruwa da ƙasa mai kyau sai ta ninka 'yar uwarta da ke kan tsandauri.

Ganye ma ba ya raba gardama, kusan duk kamarsu ɗaya. Fure ne ya kamata ya raba, amma wa zai jira? Akwai wadda sai ta shekara 48 kafin ta yi fure kamar Melocanna ta arewa maso gabashin Indiya, wata ma sai wajen 120, kuma da yawa in sun yi furen mutuwa suke yi.

Shi ya sa masana ke duba ɓawon nan da ke lulluɓe da sabon toho, wanda ke bushewa ya faɗo gindi mutane na takawa suna wucewa. Ka ɗauko shi ka duba, yana da gashi baƙi mai ƙaiƙayi ko babu, yana da wasu 'yan kunnuwa biyu a sama ko babu, ɗan ganyen da ke bakinsa a tsaye yake ko ya karkata baya. Bambusa vulgaris, wadda ta fi kowacce yaɗuwa a ƙasashe masu zafi, kunnuwanta a fili suke, kuma tana da wani nau'i rawaya mai ratsin kore. Dendrocalamus giganteus ta kudu maso gabashin Asiya kuwa, wadda ake kira "ƙatuwar gora", tana kai mita 30, kaurinta har santimita 30, sabon karanta da wani farin gari a jiki kamar an barbaɗa hoda. Ita kuma asper, 'yar uwarta, ƙasan karan nata gashi ne mai laushi ruwan ƙasa, ga saiwoyi na fitowa a gaɓoɓin ƙasa.

Sai gindi. In ka ga sun cunkushe wuri guda to mai tsiro a dunƙule ce, in kuma sun warwatsu ɗaya nan ɗaya can to saiwarta gudu take a ƙarƙashin ƙasa, irin moso ta ƙasar Sin kenan, ita za ka ga rassa bibbiyu a kowace gaɓa da wani ɗan kwari a gefen karan, kuma wallahi wanda ya dasa mai gudu kusa da katangar maƙwabci bai san me ya saya ba sai rigima ta tashi. Guadua ta Kolombiya da Ekwado farin zobe gare ta a gaɓa da ƙaya a rassa. Ta Afirka, Oxytenanthera, ba ta kai su girma ba, kuma sau da yawa cikinta a cike yake ko ramin ɗan ƙarami ne.

Roƙona Edita, in za ku buga labarin gora a shafin noma, ku sa mai hotonku ya ɗauko ɓawon da gaɓar da gindin kusa-kusa, hoton kurmi daga nesa ba abin da yake nuna wa manomi.

Naku,
Mai karatu