Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Nuhu Ribadu, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na yi murna da umarnin da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a 2024, wanda ya sanya turakun sadarwa da wayoyin intanet cikin muhimman kadarorin ƙasa, aka kuma ɗora wa ofishinka tsaronsu. Madalla. Sai dai akwai wata igiya da ta ɗaure wutar lantarki da banki da layin waya wuri guda, wadda mai gadi ba zai taɓa ganinta ba, don ba a binne take ba, ba ta kuma kan falwaya. A kan teburin manya take: sa hannu a takarda.

A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara don a toshe wa 'yan bindiga kunne. Ban ja da niyyar ba. Amma ranar da sabis ya ɗauke, mai POS a Gusau ya naɗe tabarmarsa, mai kuɗi a banki ya koma neman bashin cefane, wanda aka kawo wa hari cikin dare ya rasa ta inda zai kira ɗauki. Har mota mutane suka riƙa shiga zuwa wata jiha don kawai su ce wa 'yan'uwa suna nan da rai.

A farkon 2023 kuma Babban Banki ya janye tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce kowa ya koma transfa. Shin an tambayi bankuna da kamfanonin waya ko na'urorinsu za su ɗauki wannan kaya? Mun dai ga amsa a bakin kanti: an cire, ba ta shiga ba.

Haka a Agustan 2023 Yamai ta sha duhu da Najeriya ta katse mata wutar lantarki saboda takunkumin ECOWAS, alhali ko waya ɗaya ba ta tsinke ba.

Roƙona ƙarami ne, ranka ya daɗe. Kafin wata hukuma ta rufe wani abu da jama'a suka dogara da shi, a zaunar da hukumar sadarwa ta NCC da Babban Banki da kamfanin dakon wutar lantarki na TCN da hukumomin ruwa da na lafiya a ɗaki ɗaya. Kowa ya faɗa a rubuce: idan aka kashe wannan, me zai tsaya a wajensa, kwana nawa kuma zai iya jurewa. A ajiye takardar a ofishinka, da sunan wanda ya sa hannu.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwa daga Kano.