Ku riƙa gaya mana inda hukuma take lokacin da unguwanni ke ƙonewa a Indiya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan gidanku, ina neman ɗan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka yi tashin hankali a Indiya, labarin yakan zo mana a layi biyar ko shida: an yi arangama tsakanin mabiya addinin Hindu da Musulmi, mutum kaza sun mutu, an sa dokar hana fita, ƙura ta lafa. Mai karatu zai ɗauka faɗan unguwa biyu ne masu ƙarfi ɗaya, hukuma ta zo ta raba. To ni ganau ne, kuma abin ya wuce haka.

A watan Fabrairun 2020 na kai mahaifina Delhi jinyar ƙoda. Akwai wani dattijo Musulmi mai keke napep da ke ɗaukarmu kowace safiya daga masauki zuwa asibiti. Da gurguwar Turanci muke fahimtar juna, inda ta ƙare sai mu cike da sallama da "insha Allahu". Baba ya riƙa ce masa "ƙanena", shi kuma idan Baba zai hau sai ya sauko ya tallafa masa. Ranar Litinin 24 ga wata bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Sai bayan mako guda ya bayyana a ƙofar masaukinmu, a ƙafa, kansa babu hular da muka saba ganinsa da ita, ya rage gemunsa ƙwarai. Ya ce an ƙone kekensa a bakin gida a arewa maso gabashin birnin, iyalinsa suna kwana a sansanin da aka kafa a filin idi na Mustafabad. 'Yan matansa biyu kuwa maƙwabcinsu Bahindu ne ya ɓoye su a ɗakinsa kwana biyu. Ba roƙo ya kawo shi ba, ya zo ne ya ba mu haƙuri don kada mu ce ya yaudare mu. Baba ya kama hannunsa, ya kasa cewa komai sai hawaye.

A wannan tarzomar mutum 53 suka mutu, mafi yawansu Musulmi, cikin kwana uku ko huɗu, a babban birnin ƙasa, a daidai lokacin da Donald Trump ke ziyara a Indiya. Ruwa ba ya tsami banza. Tun Disambar 2019 ake zanga-zanga kan dokar zama ɗan ƙasa da ta sauƙaƙa hanya ga baƙi daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan matuƙar ba Musulmi ba ne. Ranar 23 ga Fabrairu wani ɗan jam'iyyar BJP mai mulki, Kapil Mishra, ya tsaya a Maujpur kusa da babban jami'in 'yan sanda ya ba da wa'adin kwana 3 a kori masu zanga-zanga daga titi. Daga wannan yinin aka fara jifa. 'Yan sandan Delhi kuwa ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida ta tarayya suke, ba wanda zai ce gwamnatin tsakiya ba ta da iko a kansu. Duniya ta ga bidiyon samari biyar kwance a ƙasa jina-jina, jami'ai na dukansu suna tilasta musu rera taken ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, Faizan, ya rasu. Sai da alƙalin babbar kotu, Mai Shari'a Muralidhar, ya zauna da tsakar dare ya ba da umarni kafin a buɗe wa motocin asibiti hanya su kwashe masu rauni. Washegari ya tuhumi 'yan sanda kan ƙin buɗe ƙara a kan masu kalaman tunzurawa, kuma a daren nan takardar canza masa wurin aiki ta fito. Gwamnati ta ce an riga an tsara canjin tun kafin rikicin. Ko da haka ne, kowane alƙali a ƙasar ya ga abin da ya faru kuma ya gane karatun. Umar Khalid, matashin da ya yi jawabi a zanga-zangar, an kama shi a Satumbar 2020 da dokar ta'addanci, ya haura shekara 4 a tsare ba a fara shari'arsa ba. Kapil Mishra kuwa a 2025 aka naɗa shi minista a gwamnatin Delhi.

Wanda ya san abin da ya faru a jihar Gujarat ba zai yi mamaki ba. Ranar 27 ga Fabrairun 2002 wuta ta cinye tarago ɗaya na jirgin ƙasa a Godhra, mutum 59 suka mutu, yawancinsu 'yan Hindu masu dawowa daga Ayodhya, har da mata da yara. Wannan ta'asa ce, kuma kotu ta hukunta Musulmin da ta samu da hannu. Amma abin da ya biyo baya fansa ce a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Alƙaluman gwamnatin Indiya da kanta sun ce Musulmi 790 da 'yan Hindu 254 aka kashe. A unguwar Gulbarg a Ahmedabad mutane suka fake a gidan Ehsan Jafri, tsohon ɗan majalisar tarayya, suna ganin ai gidan babban mutum ba za a taɓa shi ba. Ya yini yana buga waya yana neman ɗauki. Shi da su aka kashe, mutum 69. Matarsa Zakia ta shafe shekara 20 tana zaryar kotu, a 2022 Kotun Ƙoli ta kori ƙararta. Narendra Modi, ɗan BJP da daga baya ya zama firaministan Indiya, shi ne babban ministan jihar a lokacin. Kwamitin bincike da Kotun Ƙoli ta kafa ya ce bai sami hujjar gurfanar da shi ba, kuma ba zan ɗora wa mutum abin da kotu ta wanke shi ba. Amma mai mulki ba a kotu kaɗai ake tambayarsa ba. Mutum sama da 1,000 sun mutu a jihar da 'yan sandanta ke hannunsa.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bilkis Bano. A rikicin nan na Gujarat, tana da ciki aka yi mata fyaɗe, aka kashe 'yarta mai shekara 3 a gabanta tare da wasu danginta. Sai da aka ɗauke shari'ar daga Gujarat aka kai Mumbai kafin a ɗaure mutum 11 ɗaurin rai da rai a 2008. Ranar 15 ga Agustan 2022, ranar bikin 'yancin kan Indiya, gwamnatin Gujarat ta yi musu afuwa ta sake su, aka tarbe su da furanni a wuya da alewa a baki. Sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke afuwar ta ce su koma kurkuku. Ranka ya daɗe, yaya matar nan ta kwana a wannan shekara da rabin, tana sane waɗanda suka kashe 'yarta suna yawo a gari?

Kada a ce na ɗora komai a kan jam'iyya ɗaya. A 1987, zamanin mulkin jam'iyyar Congress, 'yan sandan kwantar da tarzoma na Uttar Pradesh suka ɗebi Musulmi daga unguwar Hashimpura a Meerut cikin babbar mota, suka harbe 42 suka zuba gawarwakin a ruwa. Sai 2018 aka ɗaure 16 daga cikinsu, bayan shekara 31. A 1984 mabiya addinin Sikh kusan 3,000 aka kashe a Delhi, su ma ƙarƙashin Congress. An rushe masallacin Babri da ke Ayodhya ranar 6 ga Disambar 1992 jami'an tsaro na kallo, kwamitin da aka kafa ya ɗauki shekara 17 kafin ya miƙa rahoto, a 2020 kuma kotu ta sallami duk mutum 32 da suka rage a tuhuma. Yanzu sabon salo ya fito: da an yi hatsaniya, hukuma ta turo katafila ta rushe gidaje da shagunan waɗanda ake zargi, a ce an gina su ba bisa ƙa'ida ba. An yi haka a Jahangirpuri a 2022, an yi a Nuh a 2023, kuma galibi gidajen Musulmi ne. A Nuwambar 2024 Kotun Ƙoli ta haramta rushe gidan mutum saboda zargi kawai.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ɗan Kaduna ne, ina da wayo a rikicin 2000. Na ga yadda garin ya tsage, kowa ya kwashe kayansa ya koma ɓangaren da 'yan addininsa suka fi yawa, kogi ya zama iyaka. Haka Ahmedabad ta zama, Musulmi suka dunƙule a Juhapura don tsoro. Mu ma an kafa mana kwamitocin bincike daga Kafanchan zuwa Jos, kuma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa ganin an hukunta wanda ya ɗauki nauyin kisan? Saboda haka ba da girman kai nake maganar Indiya ba. Na san warin unguwar da aka ƙone. Kuma ina roƙon 'yan'uwa, duk zafin da muka ji, kada wani ya huce a kan Ba'indiyen da ke kasuwanci ko aikin likita a Kano ko Kaduna. Wanda ya ɓoye 'ya'yan direbanmu Bahindu ne, cikin matattun Delhi kuma akwai ɗan sanda Ratan Lal da wasu 'yan Hindu da iyalansu ke kuka har yau.

Roƙona gare ku shi ne, idan irin wannan labari ya zo, ku ƙara tambaya uku kafin ku buga: awa nawa aka ɗauka kafin jami'an tsaro su iso, su wa aka kama, kuma gidajen wa aka rushe. Bayan shekara guda ku waiwayi shari'ar ku gaya mana inda aka kwana. Musulmin Indiya sun haura miliyan 170 tun ƙidayar 2011, ɗaliban mu da marasa lafiyarmu suna zuwa can kullum, mun cancanci sanin halin da ake ciki.

Baba ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Dattijon nan yana kirana duk Sallah. A kiransa na ƙarshe ya ce har yanzu keken wani yake haya yana biyan balas kullum, kuma ya sayar da gidansu na da ya koma can cikin Mustafabad.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna