A wanke injin kafin a kwance shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan asarar da masu tsofaffin motoci suke tafkawa, sakamakon kwance injin da ake yi saboda yoyon baƙin mai tun ba a gano inda man yake fitowa ba.

Ni direba ne, ina jigilar fasinjoji tsakanin Tawa da Birnin Ƙonni da wata Toyota Hiace wadda ta haura kilomita 400,000. A hunturun bara na fara ganin tabon mai a ƙasa kowace safiya, daidai mahaɗar injin da akwatin giya. Makanikin da na fara kai wa ya leƙa sau ɗaya, ya ce zoben robar bayan injin ne ya mutu, wanda suke kira jowan sifi, kuma ba a isa gare shi sai an sauke akwatin giya gaba ɗaya. Na yi kwana biyu ba aiki, na biya kuɗin kaya da na hannu, amma ba a cika mako ba tabon ya dawo a wurinsa.

Wani dattijon makaniki ne ya fitar da ni. Bai taɓa ko kusa ɗaya ba sai da ya sa yaronsa ya wanke injin tas, domin ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama laka mai kauri, ta lulluɓe komai. Da injin ya bushe, ya barbaɗa masa farar hoda irin ta jarirai, ya tayar da mota, muka tsaya da tocila muna kallo. Can sai ga wani siririn layi baƙi yana ratsa hodar daga kusurwar baya ta murfin saman injin, yana gangarowa a hankali har zuwa inda aka yi mini aikin banza. Da ya cire robar murfin ya miƙo mini ita, na tarar ta bushe kamar ƙirgi, na lanƙwasa ta ta karye a hannuna. Ya ce mini, "Ƙanena, mai daga sama yake saukowa, iska kuma tana kora shi baya idan mota tana gudu, saboda haka inda yake ɗiga ba nan ne mafarinsa ba."

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bai tsaya nan ba. Ya zare tiyon da injin yake numfashi ta cikinsa, ya nuna mini ya toshe da dauɗa, ya kuma bayyana cewa tsohon injin yana tara hayaƙi a cikinsa, idan hayaƙin ya rasa mafita sai ya tura mai ta kowace roba mai rauni, ko da sabuwa aka sa.

Ina kira ga ƴan'uwana direbobi da su shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, su duba launin abin da ya ɗiga: man injin baƙi ne ko ruwan ƙasa, man giyar otomatik yawanci ja ne. A fara duba wurare masu araha, kamar bakin matatar mai da kusar da ake juye mai ta cikinta lokacin bidanji, wato canjin mai. Makanikai kuma, don Allah su rage shafa silikon barkatai, domin gutsattsarinsa yana faɗawa cikin kwanon mai ya toshe rariyar famfo, kuma wannan yana iya kashe injin ɗungurungum. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023 kayan gyara sun ƙara tsada a hannunmu, direba ba shi da ƙarfin biyan aiki ɗaya sau biyu.

Wata takwas ke nan da canza robar da wanke tiyon, kuma sandar awon mai ba ta nuna mini raguwar da ta wuce ƙa'ida ba.

Wassalam,
Wani direba daga Tawa