Ba Magidanci Kaɗai Ke Zaɓar Yawan Hayaƙin Gidansa Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan sauyin yanayi, inda kuka shawarci iyalai su riƙa kashe fitila, su rage hawa mota. Shawarar ba ta da aibu, sai dai ina ganin an ɗora wa magidanci kayan da ba nasa ne shi kaɗai ba.

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce kusan kashi biyu bisa uku na hayaƙin da ke ɗumama duniya yana da nasaba da abubuwan da gidaje ke saye suna amfani da su. To amma waɗanne gidaje? Binciken ƙungiyar agaji ta Oxfam ya nuna cewa daga 1990 zuwa 2015, kashi 10 cikin 100 na mutanen duniya, wato mafiya arziki, su ne suka fitar da kashi 52 na iskar kabon, rabin al'ummar duniya masu ƙaramin ƙarfi kuwa kashi 7 kacal. Da zarar kuɗi ya shigo gida sai mota ta biyo, sai na'urar sanyaya ɗaki, sai yawan hawa jirgin sama. Haɗa attajiri da talaka a lissafi ɗaya rashin adalci ne.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da gidan ba shi da ta cewa a kai. Ga mata biyu, ɗaya a Faransa, ɗaya a Poland, kowacce ta jona butar lantarki za ta tafasa ruwa. Buta iri ɗaya, ruwa daidai wa daida, amma hayaƙin da ya tashi saboda ta Poland ya ninka na 'yar uwarta sau da yawa, domin galibin wutar ƙasarta daga kwal ake samar da ita, ta Faransa kuma daga makamashin nukiliya. Babu wadda aka nemi shawararta a cikinsu. Birtaniya ta yi ta rufe tashoshin kwal har ta kulle ta ƙarshe a Satumban 2024, kuma hayaƙin wutar gidajenta ya ragu ko da mai gida bai sauya halinsa ba.

Sanyi da zafi ma suna da nasu tasirin. A Sin, tun shekarun 1950 ake ɗumama gidajen biranen da ke arewacin kogin Huai, akasari da kwal, na kudu kuwa ba su cikin tsarin. Ga kuma raguwar mutanen gida: ƙidayar ƙasar ta nuna matsakaicin gida ya sauko daga mutum 3.10 a 2010 zuwa 2.62 a 2020. Firji bai san ko mutum shida yake yi wa aiki ko mutum ɗaya ba, wutarsa kawai yake sha. Duk lokacin da iyali suka rabu gida biyu, an ƙara firji, an ƙara ɗakin da za a ɗumama.

Roƙona, ranka ya daɗe, in za ku sake buga irin wannan rahoto, ku rarraba alƙaluman bisa samun kuɗin gidaje da kuma inda wutarsu ke fitowa. Sannan ku tura wakilanku wajen masu tsara birane da masu ba da lasisin tashoshin lantarki, su faɗa mana abin da suka tanada wa mutumin da yake son ajiye motarsa amma babu bas ko jirgin ƙasa da zai kai shi wurin aiki.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku