Wanda ya aiki wawa shi ma a tuhume shi

Malam Edita,

Ina gaisuwa. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista na ƙasar Zuru, tun da ikilisiyoyi da ƙungiyoyin zumunta da yawa na shirin zaɓen sababbin shugabanni.

Idan kuɗin baiko ya yi ɓatan dabo, ko ginin majami'a ya tsaya cak ba rufi, sai a taru ana tsine wa ma'aji. Ba mai waiwayar waɗanda suka ɗaga hannu suka zaɓe shi. Alhali a Littafi Mai Tsarki, Karin Magana 26:6 mai aiken ta kama da laifi, domin cewa ta yi wanda ya ba wawa saƙo ƙafafun kansa ya sare. Aya ta 1 kuwa ta kwatanta girmama wawa da ruwan sama a lokacin girbi. Duk wanda ya taɓa shanya wake ko dawa hadari ya taso masa, ba sai fasto ya yi masa bayani ba.

Mun kuma san su waye muke zaɓa. "Ɗan gida ne." "Ubansa ne ya ba da filin majami'a." "Ba shi da aikin yi, a ba shi ya ɗan samu." Wannan na ƙarshen ya fi ba ni haushi. Mai son taimakon ɗan'uwansa ya auna masa hatsi daga rumbunsa, kada ya yi kyauta da makullin akwatin jama'a.

Kada a ce ina nufin wanda bai yi boko ba. Akwai tsofaffin mata a zumunta da ba su iya rubuta sunansu, amma suna riƙe adashe ko kwabo bai taɓa salwanta ba. Wawan da Littafi Mai Tsarki ke nufi shi ne wanda hanyarsa kullum daidai take a ganinsa, ba ya jin shawara, kamar yadda Karin Magana 12:15 ta faɗa. Shekaru ma ba sa maganinsa. Rehobowam ɗan Sulemanu yana da shekara 41 ya hau sarauta, ya watsar da shawarar dattawa ya bi ta abokan tasowarsa, ya gaya wa talakawa zai ƙara musu nauyi. Kabilu 10 suka ɓalle suka bi Yerobowam.

Ma'aunin kuwa yana nan a Fitowa 18:21, inda Yetro ya ce wa surukinsa Musa ya nemo mutane masu iya aiki, masu tsoron Allah, amintattu, waɗanda ke ƙin cin hanci. Ban ga dangi a ciki ba.

Roƙona ga fastocinmu, su karanta waɗannan ayoyi ranar zaɓe kafin a kira sunan kowa, a kuma bar ɗaga hannu a koma takarda. Mutane da yawa kunyar idon ɗan takara ce ke ɗaga musu hannu.

Naka,
Wani mai karatu daga Zuru, Jihar Kebbi