Sanarwa Kan Aikin Sa-kai a Tsibirin Midway

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wasunmu sun nemi bayani kan aikin sa-kai na kula da halittun teku, to ga na tsibirin Midway da ke tsakiyar tekun Fasifik, kimanin kilomita 2,000 daga birnin Honolulu na jihar Hawaii ta Amurka. Hukumar kula da kifaye da namun dajin Amurka ce ke riƙe da wurin, kuma takan ɗauki ƴan sa-kai su yi watanni a can.

Kada a zaci yawon buɗe ido ne. Yawancin aikin tuge ciyayin da suka mamaye wurin ne, da dasa na asali, sai kwashe robobi da tsofaffin komayen da igiyar ruwa ke watsowa gaɓa. Robobin nan su ne tashin hankali, domin manyan tsuntsayen teku da ake kira albatros kan ɗauka abinci ne su ɗura wa ƴaƴansu. A lokacin sheƙa, wajen Disamba zuwa Janairu, ana bin sheƙunan ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. A can ma wata tsuntsuwa mai suna Wisdom take, wadda aka sa wa zobe a ƙafa tun 1956!

Mai sha'awa ya fara auna lafiyarsa da juriyar kaɗaici, don asibiti na da nisa. Ya yi mini magana ta gefe.